Cincin ɗin Jamus

Kafin mu zo Guangzhou ban san Umma ta iya shiru ba. A gidanmu na Kano tun da hantsi ake jin muryarta daga tsakar gida, tana yi wa wannan faɗa, tana tsokanar waccan, tana leƙa katanga tana tambayar maƙwabciya jikin jaririnta. Ƙofarmu ba ta rufuwa. Idan Sallah ta matso kuwa, wajenta matan layinmu suke tarewa. A shimfiɗa tabarmi, a baje farantai, ana murza dubulan ana naɗe alkaki, ita tana tsakiya fulawa har gwiwar hannu, tana ba da umarni kamar mai tuƙa jirgi.

Abba ya daɗe yana zuwa China saro kaya, daga baya ya buɗe ɗan ofishin tura kaya a unguwar Sanyuanli ta Guangzhou ya zauna. Da na sami gurbin karatun Sinanci a jami'a, sai ya ce Umma ma ta taho, tunda yayyena duk sun yi aure. Muka tare a wani dogon bene. Kowane gida ƙofa biyu gare shi, ta katako a ciki, ta ƙarfe a waje, kuma ba mai buɗe tasa sai zai fita. Mutanen kirki ne, suna gyaɗa mana kai a lifta, amma Umma ba ta da abin da za ta ce musu. Hausa take ji, sai Larabcin salla.

Wani lokaci matan Kano 'yan kasuwa sukan sauka, su zo su ci tuwonta, su cika falon da hira. Kwana kaɗan su loda kayansu su tafi, shirun ya dawo ya fi na da nauyi. Ni ina makaranta, Abba yana ofis. Idan na dawo da yamma nakan same ta a bakin taga da carbi, tana kallon motocin da ke bin gadar sama. Na lura zobenta ya fara juyawa a yatsarta.

Wata safiya muna sauka tare Abba ya ce mini, "Idan sanyi ya wuce zan mayar da Ummanki gida. Ba zan zuba ido ta ƙare a nan ba."

Na ce to. Na san gaskiya ya faɗa. Amma duk tsawon hanyata a jirgin ƙarƙashin ƙasa ina tunanin yadda gidan zai zama babu ita, da yadda ni ma ban taimaka mata da komai ba. Ina son ta zauna, kuma ina son ta zauna tana Ummar da na sani.

Sanyin Guangzhou na watan Disamba jiƙaƙƙe ne. Bishiyoyi suna nan kore shar, wasu ma fure suke yi, amma sanyin yana bi ta bango ya shiga bargo, wanki ya kwana ya wuni bai bushe ba. Shaguna suka cika da bishiyoyin roba da ƙananan fitilu na Kirsimeti. A cikin kwanakin nan ne wani ƙamshi ya fara zama a barandarmu, ƙamshin bota da suga da wani abu mai sanyi kamar lemo. Nakan tsaya da makulli a hannu ina shaƙa kafin in buɗe ƙofa.

Daga gidan da ke kallon namu yake fitowa. Wata tsohuwa ce Bajamushiya a ciki, doguwa, gashinta fari tas an yanke shi gajere. Jamusanci take koyarwa a wata makaranta, mijinta ya rasu da daɗewa, ita kaɗai take zaune. Mukan gaisa da Turanci. Umma tana ce mata Baturiya, mu ma muka bi.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Na buɗe na ganta riƙe da wani jan gwangwani, tsoho, fentin bakinsa duk ya goge.

Ta ce, "A wajenmu idan Kirsimeti ya matso muna gasa biskit mu raba wa maƙwabta. Ki gaya wa mahaifiyarki babu giya a ciki, babu kitsen alade. Bota ce da fulawa da suga da ƙwai." Har ta juya sai ta ƙara, "Idan kun cinye ki dawo mini da gwangwanin. Na mahaifiyata ne."

Muka buɗe a tsakiyar falo. Taurari ne da jinjirin wata da ƙananan zukata, sirara, fuskarsu tana sheƙi ruwan gwaiduwa. Umma ta leƙa ta ja baya.

"Na Kirsimeti ne fa, Alhaji."

Abba ya riga ya kai ɗaya baki. Ya ce, "Hajiya, shinkafar Kirsimetin matar abokina ta Sabon Gari fa? Wa yake cinye naman kan?"

Ta harare shi, ta ɗauki tauraro ɗaya ta yi bismilla. Ta tauna a hankali. Sai na ga ta lumshe ido.

"Wannan ai cincin ne da bai ga mai ba," in ji ta. "Ji yadda yake narkewa. Akwai ɓawon lemon tsami a ciki."

Tun daga ranar sunansa ya zama cincin ɗin Jamus a gidanmu. Bai yi kwana da yawa ba. Da ya ƙare na wanke gwangwanin na goge, na ɗauki mayafina.

"Ina za ki da shi?"

"Mayar mata zan yi, Umma."

"Haka? Wayam?" Ta miƙe daga bakin tagar. "A gidan wa kika ga an mayar da kwanon maƙwabci babu komai a ciki? Ni na haife ki kuwa?"

Na ce to bari in sayo lemo ko tuffa in zuba. Ta ce matar da hannunta ta yi, ita ba ta da hannu ne? Na ce a yi mata dubulan. Ta ce ba ta san ko haƙoran tsohuwa za su iya ba, kuma ba ta san ko Turawa suna cin abin da ya sha mai haka ba.

"Abin da na tabbatar tana so shi ne nata. Shi zan yi mata." Ta ɗan yi murmushi, na farko da na gani a makonni. "In fi ta ma."

Kicin ɗin gidajen nan ba su da obin, kan gas biyu ne kawai. Umma ta ce ba komai, da can da yashi a gindin tukunya suke gasa kek. Sai dai ina yashi a garin da ko'ina siminti ne? Abba ya tambayi maigadin benenmu, ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Ƙarshe sai a kasuwar masu sayar da kifin ado da ke Liwan ya samo, irin wanda ake zubawa a akwatin gilashi. Ya shigo da ledar yana mita.

"Ni da nake loda kwantena, yau ni ne da cinikin yashi. Mai shagon har tambayata yake wane irin kifi gare ni."

"Ka ce masa Bakanuwa ce," in ji Umma.

Ni na sayo bota a kanti. Umma ta buɗe takardar ta shinshina ta taɓe baki. Ta ce wannan farin abu marar ƙamshi? Ta mayar da ita firij, ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar man shanunta. Gwaggo ce ta aiko da shi ta hannun wata Hajiya da ta zo saro jakunkuna a kasuwar Shiling. Soyayye ne irin namu, wanda aka soya da albasa har ya yi ja. Umma tana lallaɓa shi, ɗan cokali a kan tuwo, wani lokacin ma buɗewa kawai take yi ta shaƙa ta rufe.

"Umma, duka?"

"Ba zan kai mata abin kanti ba ina da na gida."

Ta ɗumama shi ta tuttula a fulawar. Ban hana ta ba, don ni ma ban san yadda ake yi ba. Kuma ko na sani ba na jin zan iya. Ga ta tsaye hannu dumu-dumu cikin kwaɓi, tana ƴar waƙa ƙasa-ƙasa, tana aikena ɗauko wannan ɗauko wancan. Muka murza da kwalba, ta fitar da jinjirin wata da bakin kofin shayi, ni na yanka taurari da wuƙa, karkatattu. Muka jera a faranti, muka ɗora kan yashin da ya yi zafi, muka rufe.

Ƙamshin da ya tashi ya ruɗa ni. Rabinsa na biki ne, rabinsa na miya. Da Umma ta ɗaga murfin, babu tauraro babu wata. Duk sun narke sun haɗe sun zama faifai guda, gefensa ya ƙone, mai yana tsattsafowa a sama. Abba ya ɓalli gefe ya tauna.

"Hajiya, a kawo miyar kukar mana, ga tuwon ya iso."

Da a Kano ne da ta fi kowa dariya, da ta ba wa duk layin labari da bakinta. A nan ba ta yi ba. Ta dubi kwalbar da ta rage ɗan kaɗan a gindi, ta wanke hannunta, ta shige ɗaki. Abba ya bi bayanta da ido.

Gwangwanin ya koma saman kabad. Umma ta ce kada in kuskura in mayar da shi sai ta san abin da za ta zuba, kuma ba ta sake maganar ba. Ni kuma na shiga wasan ɓuya da Baturiya. Kafin in fita sai na kasa kunne a ƙofa. Idan na hango ta tana jiran lifta sai in bi matakala. Umma ta koma bakin tagarta, yanzu har da kunya a kan shirun, ga man shanun babu.

Wata rana na dawo daga makaranta muka yi kiciɓis a bakin get, ƙarƙashin wata bishiya mai zubar da furanni ruwan hoda. Tana riƙe da jakar cefane. Babu hanyar gudu.

Ta ce, "Ina jin na yi muku ba daidai ba." Muryarta a hankali. "Ban yi nufin tura muku bikina ba. Ki ba mahaifiyarki haƙuri. Gwangwanin kuma ki ajiye a bakin ƙofata kawai, ba sai kin ƙwanƙwasa ba."

Sai a lokacin na ga abin ta idonta. Ta kai kyauta gidan Musulmi, tun daga ranar sun daina gaishe ta, sun riƙe mata kayan mahaifiyarta. Na ji fuskata ta yi zafi duk da sanyin. Na ce mata ba haka ba ne, na kwashe komai na faɗa mata, tun daga kwanon da ba a mayarwa wayam har yashin kifi da man shanu.

"Albasa?" ta ce. "A cikin botar?"

"A ciki ake soya ta."

Ta ajiye jakar a ƙasa ta yi dariya har tana dafa bishiyar. Da ta lafa ta share ido ta ce su a wajensu wayam ake mayarwa, da wuri ma, don a sake cikawa a kai wa na gaba. Rabon mutanen hawa na ƙasa yana nan yana jiran gwangwanin. Sai ta tambaya ko akwai sauran abin da Umma ta gasa. Na ce akwai. Umma ba ta zubar da abinci, ta kakkarya shi ta zuba a roba, Abba yana rage shi da shayi don neman sulhu.

Tare muka hau. Da Umma ta ga wadda ke bayana sai ta miƙe tana gyara ɗankwali, ta yi mata sannu da zuwa da Hausa, ta nuna mata kujera. Na faɗa mata abin da Baturiya ta zata, da abin da ta zo nema.

"Kin tona mini asiri ke nan," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. Amma jin cewa matar ta ɗauka an ƙi kyautarta ne ya fi damunta. Ta dafa ƙirji tana girgiza kai tana cewa, "Wallahi a'a, wallahi a'a," har ba sai na fassara ba.

Na kawo robar. Baturiya ta ɗauki ɓari ta tauna a nutse, kamar mai duba jarrabawa.

"Wannan ba biskit ba ne," in ji ta. Na fassara a tsorace. "Amma a garinmu akwai wani gashi da muke yi da albasa lokacin kaka. Da babu suga a nan, da na ce ƙanwarsa ce." Ta ƙara ɗaukar wani. Sannan ta ce ita botar biskit ba a narkar da ita. Da sanyinta ake sa ta, daga firij. Komai sai ya yi sanyi, har hannun mai kwaɓin.

"Ɗanya?" in ji Umma. "Ba a soya ba? Ikon Allah. Tambaye ta ba ta ƙarni?"

Baturiya ta ce gobe za ta yi gashin ƙarshe, kuma yatsunta suna ciwo a wannan sanyin, kwaɓi yana ba ta wuya. Ko Umma za ta zo ta kama mata? Umma ta dubi ƙofa, ta dube ni.

"Ce mata sai na gani."

Washegari bayan azahar na fito na same ta ta sa atamfarta ta fita unguwa, ta yafa babban mayafi, har da turare. Tafiyar ba ta fi tsawon tabarma biyu ba. Ta sauko da gwangwanin, ta buɗe firij ta ɗauko botar nan da ta raina, ta saka a ciki ta rufe.

"Ai dai ba wayam ba ne," ta ce.

A bakin ƙofarmu ta ɗan tsaya, kamar mai shirin tsallaka kwata. Sannan ta taka. Ta yi sallama da ƙarfi a ƙofar Baturiya yadda take yi a gida.

Kicin ɗin ƙarami ne, da ɗan obin na lantarki a kan kanta, da kyandir a taga duk da rana ce. Baturiya ta buɗe gwangwanin ta ga botar, ta ɗaga ta sama kamar an ba ta kofin gasa. Ta fara auna fulawa a sikeli.

"Komai sai an auna, sai ka ce gwal," in ji Umma.

Baturiya ta kama hannayen Umma ta taɓa, ta girgiza kai, ta ja ta zuwa famfo ta sakar musu ruwan sanyi. Umma ta yi ƙara tana salati. Aka yayyanka botar ƙanana a kan fulawa, aka sa suga da gwaiduwa da ɗan gishiri, aka kankare ɓawon lemon tsami. Umma ta shiga murzawa da ƙarfinta na alkaki, Baturiya ta ɗan buge mata bayan hannu.

"Kai! Wannan tsohuwa da faɗa take. Me na yi kuma?"

"Ta ce da sauri, kuma kaɗan. Da ya haɗe a bar shi."

Aka naɗe kwaɓin aka sa a firij ya huta. Umma ta ce ba ta taɓa ganin inda kwaɓi yake hutawa a firij mai aiki yana jira ba. Muka zauna shan shayi. Baturiya ta ciro hoton ƴarta daga jikin firij. Umma ta fito da waya ta nuna mata yayyena da jikokinta ɗaya bayan ɗaya, tana kwatanta tsawon kowa da hannu. Ta nuna wata tsohuwa zaune kan gado a wani hoto, ta nuna sama, Baturiya ta gane kakata ce da ta rasu, ta dafa mata gwiwa.

Yanzu Baturiya ta koma ƙasarsu, wasu ne a gidan, ƙofarsu a rufe kamar ta kowa. Amma ina iya zana wannan kicin ɗin da ido a rufe: hasken yamma a kan fulawar da ta zube, tururin da ya lulluɓe gilashin taga, ƙananan ƙarafan yanka a cikin wani tsohon kofi, da kawuna biyu a sunkuye, ɗaya fari ɗaya da ɗaurin atamfa.

Aka murza kwaɓin siriri. Umma ta danna ƙarfen tauraro ta ɗaga, ta ga ya fito da kusurwoyinsa cif, ta yi dariya kamar yarinya. Baturiya tana shafa gwaiduwa da ɗan buroshi, Umma tana jerawa. Da aka sa farantin farko suka durƙusa tare a gaban gilashin obin suna leƙe. Baturiya ta ce wani abu da Jamusanci, ba ma da Turanci ba. Umma ta ce, "Ƙwarai kuwa, gefen ya fara ja." Na buɗe baki zan fassara, na ga babu wadda ta juyo.

Na ɗan ƙara zama, ina jin kaina kamar kujerar da aka manta a tsakar ɗaki. Can Umma ta waiwayo.

"Ke kina nan? Tashi ki je ki ɗora shinkafa, Abbanki ya kusa dawowa."

"Wa zai fassara muku?"

"Fassarar me? Aiki muke yi. Je ki."

Na koma gida na ɗora shinkafa, na yi ta leƙa tukunya har ta caɓe. Gab da magariba Abba ya shigo, ya dubi falo, ya jingina da bango yana cire takalmi.

"Ina Ummanki?"

"Tana maƙwabta."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Maƙwabtan ina?"

A daidai lokacin muryarta ta ratso ƙofofin nan duka, tana yi wa Baturiya faɗa da Hausa a kan ta cika wa wani faranti wuta. Abba ya saurara har ta kai aya. Ya ajiye takalmin a hankali.

"Zubo mini shinkafar," ya ce. "Kada ki kira ta."